Nomau da Tubali Dubu Goma da Bakwai

A Kwarin Baure, garin da ke kwance a gefen wata ƙorama wadda ba ta ganin ruwa sai da damina, an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙato ne, ƙirjinsa kamar ƙyauren zaure, yana ɗaukar kayan da jaki zai tsaya ya yi shawara kafin ya yarda a ɗora masa. Gidansu mutum uku ne: shi, da matarsa Tabawa, da tsohuwarsa Inna Kyauta, wadda idonta ya yi rauni amma bakinta yana nan da ƙuruciyarsa. Dukiyarsu duka soro ne guda mai ɗaki biyu, Inna a ɗaya, su a ɗaya. Sarkin Magina Korau ne ya gina wa mahaifin Nomau shi tun yana da rai.

Nomau ba ya sata, ba ya ƙarya, ba ya gardama. Ciwonsa ɗaya ne: duk abin da aka faɗa masa, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. An taɓa ce masa kada ya dawo gida sai ya gano akuyar Inna da ta ɓace. Akuya ta gaji da yawonta ta dawo da ƙafarta, har ta haihu, shi kuwa yana can daji yana nema. Sai da aka ja ta aka kai masa ya gan ta da idonsa, sannan ya yarda ya dawo. To irin wannan mutum ne, jama'a, aka ɗauki babban aiki aka danƙa masa, alhali garin cike yake da masu wayo da kyan tsayi da iya ɗaura hula, waɗanda ba a ko tambaye su ba. Haka duniya take yi wa masu basira, kuma an yafe mata.

Wata rana a tsakiyar bazara Sarkin Magina ya sa aka kira Nomau bakin ƙorama, inda masu yin tubali suke kwaɓa ƙasa da ciyawa suna mulmulawa suna shanyawa a kan yashi. Shi Sarkin Magina ba a son haɗa ido da shi. Mutanen garin sun yarda cewa gini yana jin maganarsa: in ya ce wa katanga ta tsaya, ta tsaya, in ya ce ta zauna, ta zauna. Ana ba da labarin wani mahauci da ya taɓa yi masa rashin kunya a kasuwa, kafin ya isa gida zaurensa ya zama tsibin ƙasa. Ko gara ce ta ci azarar, ko maganar ce ta yi aiki, babu wanda ya tsaya bincike.

Sarki ya nuna wani tsibin tubali da ya fi rumbu tsawo.

"Na katangar maƙabarta ne," in ji shi. "Dubu goma na sa a yi, masu yi suka ɗora mini bakwai gyara. Dubu goma da bakwai ke nan. Zan je wani gari in ƙarasa rufin wani soro. Ka jera mini su layi-layi, kowane layi daidai da ɗan'uwansa, yadda in na dawo zan taka tsawo in taka faɗi in san yawansu ba sai na sunkuya ba. Kada ka bar ko ɗaya a gefe. Kada ka fasa ko ɗaya. Kada ka ƙara ko ɗaya."

"To, Sarki."

"In na dawo na tarar da shirme, soron nan naku ni na ce masa ya tsaya. Bai manta muryata ba."

Sarki ya faɗi wannan ne yana gyara wa jakinsa akumari, kamar yadda yake faɗa wa kowane lebura. Amma Nomau ya ɗauki maganar da gaske. Ya tuna Inna kwance a ƙarƙashin azara, ga nauyin ƙasa a samanta, ga shi ba ta iya gudu.

Wata rana da sassafe ya kama aiki. Ya ce layi biyu ya fi sauƙi, ɗaya nan, ɗaya nan. Ya yi ta ɗauka yana ajiyewa a kan yashi, rana tana dafa shi, yau da gobe har tsibi ya ƙare. Da ya miƙe ya ga tubali ɗaya a hannunsa. Ya sa shi a layin dama, dama ta fi hagu. Ya mai da shi hagu, hagu ta fi dama. Ya tsaya a tsakiya yana kallon tubali, tubali yana kallonsa. Ya rushe ya koma layi uku, biyu suka rage. Ya koma layi huɗu, uku suka rage. Nan ne ya ga kamar in ya juya baya haihuwa suke yi. A layi biyar suka koma biyu, har ya fara murmushi. A layi shida suka dawo biyar, suna zaune a gefe kamar baƙin da suka zo da mugun labari.

Wata rana ya koma kan layi biyu, tunda nan ne masifar ta fi ƙanƙanta. Ya rungumo tubalin da ya rage ya kawo gida kamar jariri. Tabawa tana tankaɗe a tsakar gida, ta ji bayani, ta girgiza kai.

"Maigida, guda ɗaya ne fa. Ka ɓoye shi inda ido ba zai gan shi ba, a wuce wurin."

Nomau ya duba ƙarƙashin gado, ido yana gani. Ya duba bayan murhu, ido yana gani. Ya buɗe randa ya leƙa, ya ga duhu kirim, ya zura tubali a hankali ya rufe. Can da la'asar Inna ta nemi ruwa, Tabawa ta ɗebo mata a moɗa ba ta duba ba. Inna ta kurɓa, ta tofar, ta zaro ciyawa daga bakinta.

"Ke, wane kududdufi kika kwaso mini?"

Nomau ya ruga ya zura hannu cikin randa har kafaɗa. Babu tubali, sai taɓo.

"Na fasa ɗaya," ya ce.

Tabawa da ta gane abin da ya faru sai fuskarta ta washe. "Ai Allah ne ya dube mu. Yanzu layinka biyu sun yi daidai, babu saura. Ka yi shiru, na yi shiru, Inna kuwa ba ta gani ba."

"Ban gani ba, amma na sha," in ji Inna.

"Ya ce kada in fasa," in ji Nomau.

Ya ɗauko kallabin Tabawa na zuwa biki ya tace ruwan randa da shi, ya kwashe taɓon kaf, ya bi inda Inna ta tofar ya tsince ciyawar, ya mulmula tubali sabo ya shanya. Ya zauna kusa da shi yana korar kaji har ya bushe. Da ya mayar da shi bakin ƙorama, tubali suka koma dubu goma da bakwai cif, masifa ta dawo mazauninta. Tabawa ta kalli kallabinta ta shiga ɗaki ta yi kuka, amma a hankali, kada soron ya ji.

Wata rana suna cin tuwo, sai ƙasa ta zubo daga azara ta faɗa cikin miya. Ɓera ne yake harkarsa a sama, amma Nomau ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya bi bango da ido, ya ga wani tsagi siriri wanda yake nan tun kafin ya yi aure, ya rantse bai taɓa ganinsa ba.

"Soron ya fara," ya ce. "Wani ya kai masa labarin randa."

"Tunda ka mai da shi mutum, sai ka tashi ka ba shi haƙuri," in ji Inna, tana lalubar nama a miya.

Nomau ya tashi ya fita ƙofar ɗaki, ya cire takalmi, ya durƙusa gwiwa biyu a gaban soro.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Sarki bai yi magana ba tukuna, kada ka riga shi. Tubalin nan na mayar da shi, har ya fi da kyau. In kuma ya zama dole, ka bari sai Inna tana waje."

Yana rufe baki wata tsaka ta faɗo daga indararo ta dira a gabansa. Bai tsaya fassara ba. Ya faɗa ɗaki ya saɓo Inna a baya da kwanon tuwonta a hannu, ya kai ta gindin darbejiyar ƙofar gida ya ajiye. Daga ranar nan kullum zai tafi aiki sai ya fitar da ita, tana zaginsa yana cewa to. Maƙwabta suna dariya, amma aka lura masu wucewa sun daina bin jikin katangar gidan.

Wata rana Cindo, shugaban masu yin tubali, ya gaji da ganin ana rushewa ana jerawa a kan yashinsu. Ya kira Nomau.

"Kai ƙato, mu ɗari-ɗari muke jerawa tun kakanninmu. Yi ɗari-ɗari ka huta."

Nomau ya yi ɗari-ɗari. Layi ɗari, kowane layi tubali ɗari, tsawo daidai da faɗi, kusurwa huɗu kamar an ja da zare. Mata masu tonon ruwa a yashi suka ajiye ƙorai suka zo kallo, don ba a taɓa ganin shanya mai kyan wannan ba a Kwarin Baure. Nomau ya zagaya ya zagaya yana haki, zuciyarsa ta fara sauka. Da ya dawo inda ya fara, ga su nan a zaune su bakwai. Su ne dai bakwai ɗin gyara. Ya kwashe su cikin rigarsa ya nufi Cindo.

"Baba Cindo, ga naku na dawo muku da su."

Cindo ya ajiye ƙasar da ke hannunsa, ya goge tafi a cinya. Sauran masu aiki suka tsaya.

"Gyara ka dawo mana da ita? Tun da aka fara tubali a ƙoramar nan ba a taɓa dawo mana da gyara ba. Kana nufin aikinmu bai yi ba?"

"Ya yi, Baba. Yawa suka yi."

"Alheri ne ya yi maka yawa? To bari in sauƙaƙe maka. Ga ɗaya, ka ƙara a kai, su zama dubu goma da takwas. Za su tafi biyu-biyu, za su tafi uku-uku, har huɗu-huɗu."

Gaskiya Cindo ya faɗa. Amma Nomau ya ja da baya kamar an miƙo masa maciji.

"Ya ce kada in ƙara."

Cindo ya matso da tubali a hannu, Nomau ya ƙara ja. Cindo ya ga abin wasa ya samu, ya ɗaga ƙafa, Nomau ya zuba da gudu rungume da bakwai ɗinsa, tsoho yana binsa yana cewa tsaya ka karɓi alheri. Tun daga nan Nomau bai ƙara samun natsuwa ba. Duk wanda ya gifta kusa da shanyarsa sai ya ce a buɗe hannu ya gani, kada a jefa masa ƙari a ɓoye. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ga gabas ta fara tara gajimare can nesa a kan duwatsu, ga labari ya zo cewa Sarki ya kusa gama rufinsa.

Wata rana Tabawa ta ce ya je wurin Malam Ilyasu, tsohon malamin lissafi da ya bar koyarwa yake zama a inuwar tsamiya kusa da kasuwa. Nomau ya durƙusa ya gaida shi, ya zayyana masa komai tun daga layi biyu. Malam ya share ƙasa da tafin hannu, ya rubuta lambar da yatsa, ya zuba mata ido kamar mai duba haƙoran doki.

"Lambobi iri-iri ne, Nomau, kamar mutane. Akwai masu tafiya biyu-biyu kamar takalmi. Taka ba ta cikinsu, tunda da bakwai ta ƙare. Akwai masu tafiya biyar-biyar kamar yatsu, su da biyar suke ƙarewa ko da sifiri. Ba ta cikinsu. Akwai masu tafiya uku-uku kamar duwatsun murhu, ana gane su in an tara alƙalumansu. Ɗaya da bakwai takwas ne, uku ba ya raba takwas. Ba ta cikinsu. Akwai kuma masu zama daram, tsawo daidai da faɗi, kamar dubu goma, ɗari sau ɗari. Taka ta zo har bakin ƙofar wannan gida, ta wuce da bakwai."

"To ita wace iri ce, Malam?"

"Bari mu gani."

Malam ya gwada bakwai, ya share. Ya gwada goma sha ɗaya, ya share. Sha uku, sha bakwai, sha tara, yana rubutawa yana sharewa, inuwar tsamiya tana gudu suna binta. Da ya kai casa'in da bakwai ya tsaya ya kaɗe hannu.

"Ba sai na wuce ɗari ba. In da za ta rabu, to ko tsawon layin ko yawan layukan, ɗaya daga ciki ba zai wuce ɗari ba, kuma duk na bi su. Wannan lamba ba ta rabuwa. Ka ga shida, biyu da uku ne suka haɗu suka haife ta. Dubu goma, ɗari da ɗari ne. Wannan kuwa babu wasu lambobi da suka haɗu suka haife ta."

Nomau ya ce, "Ba uwa, ba uba?"

"A lissafi dai."

"Ita kaɗai ce a duniya?"

"Ina. Suna da yawa. Bakwai ma irinsu ce, da sha ɗaya, da sha uku. Ba su da ƙarshe. Duk inda ka kai da ƙirga, akwai wata a gaba tana jiranka."

Nomau ya waiga bayansa a hankali, ya matso har gwiwarsa ta taɓa ta Malam.

"Malam, babu wani rubutu da za a yi mini in sha?"

"Ni alli na sani, ba tawada ba," in ji Malam yana dariya. "Irin waɗannan ba su yarda da kowa ba sai ɗaya da su kansu. Hanya guda ce tal: ka jera su layi ɗaya miƙaƙƙe, tubali dubu goma da bakwai, babu saura." Ya sunkuya yana share lissafinsa. "Amma wane mai hankali zai yi haka? Ka jira Sarki ya dawo ka gaya masa gaskiya, ka ce lissafi ne ya ƙi, ni ma zan raka ka."

Da ya ɗago kai babu kowa a gabansa. Nomau ya tashi tun daga "babu saura".

Wata rana da safe ya ajiye tubalin farko a bakin yashi zai bi ƙorama da layinsa. Cindo ya tare shi.

"Ban da yashinmu. Mun ba ka wuri ya isa, mu ma muna da shanya. Ka sa gari a gaba ka miƙe, kada ka kauce."

Nomau ya sa gari a gaba ya miƙe. Layi ya hau gaɓa, ya shiga lambun albasa ya fita, mai lambu yana ihu Nomau yana ba shi haƙuri yana ajiye na gaba. Ya ratsa kasuwa ta tsakanin mai daddawa da mai gishiri. Ya bi ta ƙarƙashin teburin mai shayi. Wata tsohuwar tunkiya tana kwance a hanya, ya tsaya da tubali a hannu har ta gama barcinta ta tashi. Can layin ya zo ya tsaya daidai ƙofar wani zaure mai zane a goshi. Nomau ya ɗaga kai ya duba. Gidan Sarkin Magina ne. Ya duba dama, fili ne. Ya duba hagu, fili ne. Amma an ce kada ya kauce. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya shiga da layinsa ta zaure, ya ratsa tsakar gida mata suna ja da baya da turame, ya fita ta ƙofar dabbobi. Daga nan ya hau tudun bayan gari. Yana komawa bakin ƙorama yana kwasowa, kullum hanya tana ƙara nisa, kullum tsibi yana raguwa, mutanen gari kuwa suna tsallake layi suna cewa Allah ya kawo Sarki lafiya a ga ƙarshen wannan.

Wata rana da hantsi Nomau ya ajiye tubalin ƙarshe a ƙwanƙolin tudu. Ya duba hannunsa, babu komai. Ya duba gefe, babu komai. Bai gama jin daɗin ba aka ce Sarki ya shigo gari ya wuce bakin ƙorama. Nomau ya sauka da gudu ya saɓo Inna, ya ce Tabawa ta biyo shi, ya kai su kan tudu inda babu rufin da zai faɗo wa kowa.

Daga can sama yana hango komai. Ya ga Sarki ya tsaya a kan yashi inda tsibi yake a da. Ya ga ya sunkuya, shi da ya ce ba zai sunkuya ba. Ya ga ya miƙe ya kama bin layi da sanda a hannu. Maginansa suka bi shi. Cindo da masu tubali suka fito daga ramukan ƙasa suka bi, don ba a barin kallon dukan ƙato. Mata masu tonon ruwa suka bar ƙoransu suka bi, yaran da ke wasa a yashi suka bi iyayensu, masu jakai suka koro jakai. Ƙorama ta zama wayam. Jerin mutane ya ratsa lambu, ya ratsa kasuwa, ya shiga zauren Sarki. A nan aka ɗan jima, aka ji wata tsawa ta fito daga tsakar gida, sannan jerin ya fito ta ƙofar dabbobi da sauri fiye da da.

"Gaya mini abin da kake gani," in ji Inna.

"Suna zuwa, Inna."

"Su wa?"

"Kowa."

Tabawa ta kama gefen rigarsa. Rana tana nan tarwai a kansu, ko ɗigon ruwa babu, sai can gabas a kan duwatsu inda sama ta yi baƙi tun safe.

Sarki ya iso yana haki, jama'a suka yi da'ira. Bai ɗaga sanda ba, abin da ya fi tsoratar da kowa ke nan. Ya dubi Nomau, ya dubi layin da ya sauka har inda ido ya ƙare.

"Ta tsakar gidana," ya ce a hankali. "A gaban iyalina."

"An ce kada in kauce, Sarki."

Sarki ya juya ya fuskanci gari. Ya nemi soron su Nomau da ido har ya same shi, ga darbejiya a ƙofa. Ya ɗaga hannu ya nuna shi, ya buɗe baki. Nomau ya rufe ido ya toshe wa Inna kunne.

Sai aka ji ruri. Ya taso daga nesa kamar ana mirgina duwatsu a cikin rijiya, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafa. Nomau ya zube a kan gwiwa yana salati, ya tabbata soro ya tafi, da gado da randa da komai. Amma rurin bai tsaya ba, ƙaruwa yake yi, kuma babu soron da yake daɗewa haka yana faɗuwa. Ya buɗe ido ɗaya. Babu mai kallon gari. Kowa ya juya wajen ƙorama.

Ruwan da aka yi a kan duwatsu ne ya sauko gaba ɗaya. Ya zo ja wur, ya fi mutum tsayi, yana tura itatuwa da tumɓukakkun kututtura a gabansa. Ya cika ramukan da masu tubali suka fito daga ciki ɗazu. Ya shafe shanyarsu ta ɗari-ɗari kamar ba a taɓa yi ba. Ƙoran matan nan suka taso suna juyi a kansa, suka wuce. Inda yara suke wasa ya zama tsakiyar kogi.

Wata mata ta fara laluben 'ya'yanta tana taɓa kawunansu ɗaya bayan ɗaya, sauran mata suka kama yin haka. Cindo ya kira sunan mutanensa, kowa ya amsa. Sannan ya zauna a ƙasa daɓas, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Hannun Sarki yana nan a sama ya manta da shi. Nomau ya rarrafo ya tsaya nesa kaɗan.

"Sarki, ka riga ka gaya wa soron?"

Sarki ya dubi hannunsa, ya sauke shi. Da ya yi magana, muryar ba ta tsawa ba ce.

"Layi nawa ka yi?"

"Ɗaya."

"Ya yi daidai da ɗan'uwansa?"

Nomau ya yi tunani har goshinsa ya tattare. "Ba shi da ɗan'uwa, Sarki."

"To babu mai kawo ƙara. Ka mai da tsohuwarka ɗakinta. Soron nan zai binne ni, ya binne ka, yana tsaye."

Aka yanka wa Nomau rago, aka saya wa Tabawa atamfa, mai lambu ma ya aiko da albasa. Masu wayon garin kuwa, waɗanda da an tambaye su tun farko da sun jefa bakwai a rami sun jera sauran ɗari-ɗari a kan yashi inda ruwa zai same su cikin tsari, ko ƙashi ba a miƙa musu ba. Ba komai, ana gani.

Shi dai Nomau ya saɓi Inna ya sauka da ita ta gefen layinsa. Da suka isa ƙofar ɗaki ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi azara.

"Shiga da ni mana," in ji Inna. "Ko shi ma sai ka yi masa sallama?"

Nomau ya yi sallama. Soro bai amsa ba, kuma wannan ne amsar da ya fi so.